Kawu Makanike Yana Neman Burauzar da Ba Ta Gulma

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwar Kawunki da hannunsa, shaidarta kuwa baƙin man da za ki gani a gefen takarda. Ya karatu? Ya ciwon kan nan da mahaifiyarki ta ce yana matsa miki lokacin jarrabawa? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna, uwargidana, ta yi sauƙi har ta koma yi mini faɗa a tsaye, kin ga an samu lafiya ke nan.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban babbar motar nan da ke kai kaya garinku. Ni nake duba masa mota, kuma mutum ne da ba ya buɗe abin da ba nasa ba. Maganar ce ba ta waya ba. Wayata kin san sunan tawa kawai take yi: Inna ta karanta saƙo kafin ni, ƙannenki su yi wasa da ita har caji ya ƙare.

To ga magana, kuma daga ni sai ke. Kunnena na hagu yana mutuwa. Ya daɗe yana ja baya ina basarwa, yanzu kuma na daman ma ya fara wata ƙara siririya da ba ta tsayawa. Ke kin san da me nake ci. Mutane ba don kyan fuskata suke tsallake gareji goma su zo wurinmu ba, don Mai Kunne suke zuwa, wanda zai ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya kanga ƙotar a kunne, ya ce wa mai mota ga abin da ke kuka a ciki. Mai Gareji kuwa, ɗan marigayi maigidana da ya gaji wurin, yaro ne mai kirki amma ba ya wasa da aiki. Bara da idon mai fentinmu ya yi rauni, an sallame shi da godiya da ɗaukar hoto. Ni ban shirya karɓar godiya ba tukuna, ina da ƙannenki a makaranta.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kwamfutar ofis, wadda muke duba zanen kayan mota a cikinta. Ran nan da aka tafi hutun rana na lallaɓa na rubuta mata «maganin ƙarar kunne». Iyakar abin da na rubuta ke nan, na karanta, na rufe. Washegari muna tsaye ni da Mai Waya, abokina mai gyaran lantarkin mota, da wani mai mota muna duba zanen famfon mai, sai ga hoton wani tsoho fari fat da furfura, yana washe baki da na'ura a kunne. Muka canja shafi, ya biyo mu. Muka sake canjawa, yana nan yana mini murmushi. Mai motar ya ce, «Kai, wa ke kurumcewa a garejin nan?» Allah ya taimake ni Mai Waya ya ce, «Rabu da ita, jiya ma takalmin mata ta wuni tana tallata mana.» Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta yaƙe.

Injiniya, ina so in yi bincike a kan kunnen nan sosai, in san ko yana gyaruwa, in san wurin da zan je. Amma ba zan sake tambayar wannan magulmaciya ba. Ke da kike karatun abin, babu wata da ake tambaya ta riƙe wa mutum amana? In akwai, ki rubuto mini dalla-dalla yadda ake yi wa ɗan koyo, kada ki zuba mini Turanci. Direban zai tsaya garinku ya sauke kaya, ki ba shi amsa kafin ya juyo.

Allah ya ba ki sa'ar karatu.

Kawunki

*

Kawuna na kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, kan ma ya daina ciwo tun da aka gama jarrabawa. A gaishe mini da Inna, a ce mata na ce ta riƙa yin faɗan a zaune don ƙafar ta ƙarasa warkewa.

Kawu, sai da na yi kuka, sannan na yi dariya, sannan na ji haushinka. Wata da watanni in na kira ka sai ka ce, «Na'am, na'am, to madalla, sai anjima,» ka kashe. Na ɗauka fushi kake yi da ni don ban zo gida hutun da ya wuce ba. Har saƙon ban haƙuri na rubuta na goge ban san sau nawa ba. Ashe ji ne ba ka yi sosai. Wallahi da na sani da tuni na fara rubuto maka.

Kafin komai, ka ga likitan kunne. Intanet ba ta duba kunne. Amma na yarda kana da haƙƙin ka yi tambayarka ba tare da wani tsoho mai furfura ya bi ka yana talla ba, kuma wallahi daɗi nake ji, yau ga Kawu a ajina!

Abu biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai burauza, ita ce manhajar da kake buɗewa ka shiga intanet da ita. Akwai kuma injin bincike, shi ne gurbin da kake rubuta tambaya ya kawo maka amsa. Ɗaya mota ce, ɗayan kuma mutumin da kake tsayawa ka tambaya hanya. Kowannensu zai iya kai gulmarka. Shafuka da yawa suna da 'yan leƙen asiri da ke maƙale wa burauza, su bi ka daga wannan shafi zuwa wancan suna tattara abin da ka duba, don masu talla su san me za su nuna maka. Injin bincike kuma wani yana ajiye duk abin da ka taɓa tambayarsa. Don haka sai an canja duka biyun.

Wajen zaɓe, ga abin da zai burge ka. Akwai manhajojin da masu su suka buɗe cikinsu ga kowa, duk rubutun da aka gina su da shi yana fili, wanda ya iya zai karanta ya ga ko an ɓoye wani abu. Kai da ba ka yarda da motar da aka hana ka buɗe bonet ɗinta, irin waɗannan su ne naka. Ba sai kai ka iya karantawa ba, akwai dubban masu sa ido da ba su da aiki sai tonon silili, kuma in suka ga abin da bai dace ba sai duniya ta ji. Bayan wannan ka duba ko tana tare 'yan leƙen asirin tun daga farko ba sai ka roƙe ta ba, ko ana sabunta ta a kai a kai, sannan ka tambaya da me masu ita suke ci. Wannan ta ƙarshen ita ce tambayar da mutane ke mantawa.

A bayan takardar nan na rubuta maka sunayen burauza uku da adireshin shafin kowacce na asali, kada ka sauko da su daga ko'ina sai can. Za ka gane su da alamarsu: mai laima, mai makulli, da mai ganye. Na sa maka kuma injin bincike biyu da ba sa ajiye tambayar mutum da sunansa, da yadda za ka mayar da ɗaya ya zama shi ne na kullum. Na fi so ka sa a wayarka, amma na san halin wayar taka. In a kwamfutar ofis ne, ka tabbata an yarda ku sa manhaja, kuma ka sani ba layar zana ba ce, wanda ya tsaya a bayanka zai ga allo.

Ka gwada su ka ga bambanci da idonka, sai ka zaɓi wadda ta kwanta maka. Ina nan na ƙagu in ji.

'Yarka Injiniya, wadda ba a ba ta takardar shaida ba tukuna

*

Injiniya, Injiniya!

Gaisuwa a gurguje, don bakina cike yake da labari. Kowa lafiya, Inna na amsawa, ta ce ita a tsaye faɗanta ya fi shiga.

Yarinya, kin buɗe mini ido! Shekaruna nawa ina danna abin nan ban san yana da bonet ba. Na shiga shafin da aka zuba cikin mai laimar, na ga rubutu layi-layi ba iyaka. Ko harafi ɗaya ban gane ba, amma na ga mutane a ƙasa suna musu, wannan ya ce nan akwai yoyo, wancan ya ce ya toshe, wani ya ce toshewar ba ta yi ba. Na ce lallai na zo gida, waɗannan makanikai ne. Maganar izini kuwa kada ki damu, tun zamanin marigayi ni ke sa wa kwamfutar nan abin da muke bukata. Na ce wa Mai Waya sabuwar burauza ce mai sauri, ya ce in dai za ta daina nuna masa takalmi to Allah ya sa albarka.

Kin ce in gwada, na kuwa gwada yadda ake gwaji. Kin san a aikinmu ba a yanke wa mota hukunci a tsaye, sai an ɗora mata kaya an hau da ita tudu, kuma kayan da ka ɗora wa wannan shi za ka ɗora wa waccan, in ba haka ba ka yi zalunci. Don haka na shirya tambaya guda mai nauyi, na rubuta ta a kwali don kada in canja ko kalma ɗaya: «Ni babban makanike ne, na haura shekara talatin a gareji, da kunne nake gane ciwon inji, kunnena na hagu ya mutu na dama yana ƙara. Yana warkewa? Kuma za a iya korata daga aiki?» Ita na ɗora wa kowacce.

Mai makulli ta cika tsaro, har ta hana zanen kayan motar buɗewa, ga nawa kamar an ja mata birkin hannu. Na san don kirki take yi, amma aiki ba zai jira ta ba. Mai ganye ba laifi, sai dai na bi shawararki na duba yaushe aka sabunta ta, na ga an kwana biyu ba a leƙa ta ba, na ce a'a. Mai laima kuwa, Injiniya! Tana tashi da bugu ɗaya. Akwai wani ɗan wuri a sama da take nuna yawan 'yan leƙen asirin da ta tare, ina kallo lamba tana hawa ina ta dariya ni kaɗai a ofis. Injin binciken ma na ɗauki na farkon da kika rubuta, don su sun faɗi ƙarara da me suke ci: suna sa talla, amma a kan abin da ka tambaya a lokacin, ba sa bin ka gida da shi. Mutumin da ya gaya maka inda yake samun abincinsa ya fi wanda ya ce don Allah yake yi maka komai.

Sai kuma na ce gwaji bai cika ba in ba a auna da tsohuwar ba, ai da ita za a ga bambancin da kika ce. Na buɗe ta, waccan mai hoton Mai Gareji a kusurwar sama, na ɗora mata tambayar nan kalma da kalma. Kin san me ya faru? Kafin la'asar tsohon nan mai furfura ya dawo, har da 'yan'uwansa biyu! A mai laima kuwa shiru, ko ƙyallinsa babu. Na rufe tsohuwar na cire alamarta daga gaban allo, na ce ke da ni har abada.

Ga babban labarin. Na karanta cewa masu aiki cikin ƙara irin tamu suna yawan samun wannan, kuma akwai na'urori ƙanana da ba a ma lura da su. Na samu asibitin da ke awon ji a nan kusa, na karɓi rana. Rabon da in ji zuciyata sakayau haka har na manta. Jiya Inna ta ce me ya same ni nake waƙa a banɗaki.

Mai Gareji ya yi tafiya sayo kaya, in ya dawo zai tarar da kwamfutarsa ta shiryu. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji mai haƙurin jin bayani.

Kawunki, ɗan ajinki

*

Kawu,

Ina fata kowa lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, a tsaye nake rubutu direban yana jira.

Da na ce ka gwada su, ukun nan nake nufi, ban da tsohuwar! Laifina ne da ban faɗa ƙarara ba, na manta da wa nake magana. Kawu, hoton Mai Gareji da ka gani a kusurwa yana nufin burauzar a buɗe take da akawun ɗinsa. In haka ne, akwai yiwuwar duk abin da aka tambaya a cikinta yana bayyana a wayarsa, a jerin abubuwan da aka bincika. Maganin ƙarar kunne kowa zai iya rubutawa. Amma babban makanike da ya haura shekara talatin yana gane inji da kunne, mutum nawa ne a garejinku?

Wataƙila bai duba ba, mutane da yawa ba sa dubawa. A bayan takarda na zana maka inda za ka shiga ka goge tambayar, in an goge a nan takan ɓace a can ma. Amma akawun ɗinsa ne ba naka ba, don haka tambayarka kaɗai za ka taɓa, kuma ni da za ka ji tawa, da ka riga wayar isa wurinsa ka gaya masa da bakinka.

Na kira ka ba ka ɗauka ba. Na tura saƙo na ce ka jira takardata kawai, don na san Inna za ta karanta. Zaɓenka na mai laima ya yi daidai, ko ni ita nake amfani da ita, kuma yadda ka auna su ya fi na wasu 'yan ajinmu. Ka rubuto da wuri don Allah.

'Yarka

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna da yara. Ni lafiyata ƙalau, in ban da rashin sukuni.

Shirun ya yi yawa. Direban bai zo ba, wani abokin aikinsa na samu a wurin sauke kaya, ya ce zai bi ta wajenku, shi na ba wannan. Na kira Mama na yi ta kewaye-kewaye, ta ce ta ji kana lafiya, wai me ya sa nake tambayar ko kana zuwa aiki. Na ce babu komai. Na kira Inna, ta ce ka fita tun safe, ban iya tambayar ina ka nufa ba.

Na sake karanta takardarka, na tsaya a inda ka ce ke da ni har abada, duk da na san da tsohuwar burauza kake, sai da na ji kamar da ni kake. Ni na sa ka a wannan hanya. In wani abu ya faru da aikinka ta dalilin layi ɗaya da na rubuta da gaggawa, ban san da wane ido zan kalli Inna ba. Ko me ake ciki ka gaya mini, ko mai daɗi ko marar daɗi. Na fi son in ji da in zauna ina saƙe-saƙe a ɗakin karatu, littafi a buɗe ban san me ke ciki ba.

'Yarka

*

'Yata Injiniya,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Ki kwantar da hankalinki ki ci abinci, Kawunki yana nan da ransa, Inna da yara duk lafiya. Ki daina ɗora wa kanki laifi, ke kin ce in gwada, ni kuma na yi gwajin makanikai.

Takardunki biyu tare suka iso. Motar direbanmu ce ta lalace a hanya, kuma tun da ba ni na je gyaran ba sai da ta sha zama. Da safe aka miƙo mini su ina canja kayan aiki. Na karanta ta farko. Na ɗaga kai ke nan sai ga Mai Gareji, wanda ya dawo a daren da ya gabata, yana tsaye a ƙofar ofis da waya a hannu, ya yafito ni. Ko damar gogewar ban samu ba. Gaskiya ko na samu ban jin zan taɓa, na gaji da laɓe-laɓe.

Na shiga, ya rufe ƙofa, ya jawo mini kujera. Na ce bari in riga shi. Na ce, «Ranka ya daɗe, akwai maganar da ya kamata ka ji daga bakina.» Ya ce, «Baba, in ta kunne ce na karanta, har sau uku.» Ya juyo mini da wayar, ga tambayata nan kalma da kalma. Ya ce tun yana can tsohon nan mai furfura yake bin sa, har matarsa ta tambaye shi ko akwai abin da yake ɓoye mata.

Na zauna ina jiran godiya da ɗaukar hoto. Sai ya ce, «Baba, rabin farko na tambayar bai ba ni mamaki ba. Rabin ƙarshen ne ya hana ni sukuni. Kai da ka goya ni a garejin nan, kai ne kake tambayar kwamfuta ko zan kore ka?»

Na ce, «To mai fenti fa?»

Ya ce mai fenti ya ƙi zuwa asibiti, ya ƙi sa tabarau, ya ƙi yarda a ba shi mai taya shi, har ya ɓata motocin mutane yana rantsuwa launi daidai yake. Ya ce har gobe abin yana damunsa, amma ba shi da yadda zai yi. Sannan ya gindaya mini nasa sharuɗɗan, kuma bai sassauta ba: ba zan sake shiga ƙarƙashin mota ni kaɗai ba, ba zan fita gwajin mota a titi ni kaɗai ba, sai likita ya ce ga matsayin da nake. Wannan ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba, gwajin titi shi ne daɗin aikin. Amma na san gaskiya ya faɗa, in aka yi mini hon ta hagu ba lallai in ji ba.

Na ce, «Ka ce rabin farko bai ba ka mamaki ba. Tun yaushe ka sani?»

Ya yi dariya ya ce, «Baba, wa kake tsammani ya sa aka ɗauke injin iska daga kusa da bencinka aka kai shi bayan gareji? Mai Waya ne ya same ni tun shekarar da na karɓi wurin nan. Ya ce kowa ya riƙa yi maka magana ta dama, kuma duk wanda ya kuskura ya nuna maka an sani, shi da shi ne.»

Injiniya, kin ji fa. Mutanen nan shekara da shekaru sun sani, babu wanda ya ko ɗaga mini gira. Kwamfuta kuwa wuni ɗaya ta sani ta kama shela. Sai na ce masa to ya kawo wayarsa in sa masa mai laima, ya huta da tsohon nan. Ya miƙo. Ni Kawunki, da hannuna na sa masa, na canja masa injin bincike, na fitar da akawun ɗinsa daga kwamfutar ofis, har na yi masa bayanin buɗaɗɗen bonet yana gyaɗa kai. Da kin ga yadda nake zuba bayani da kin ba ni maki.

Na je awon. Na hagun likita ta ce kada in sa rai zai dawo yadda yake, na daman kuwa za a iya kare shi in na riƙa toshe shi a wurin ƙara, kuma za a gwada mini na'ura. Na gaya wa Inna a ranar. Ta ce ita ta ɗauka iskanci ne kawai yake sa ba na amsa ta, yanzu kuma ta rasa wa za ta yi wa faɗa, sai ta zauna ta yi kuka.

Saura Mai Waya. Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba. Amma kin san halina, sai na gwada. Jiya muna tsaye gaban wata mota yana ba ni labarin rigimarsa da mai gidan haya, yana tsaye ta hannuna na dama. Sai na yi kamar zan ɗauki sifana, na zagaya na tsaya yadda zai koma haguna. Bai dakata da labarin ba, bai kalle ni ba. Yana magana yana goge hannu da tsumma, ya bi ta bayana a hankali ya dawo dama. Na sake zagayawa. Ya sake biyowa, yana ta zagin mai gidan haya, shi bai ma san yana yi ba.

Na buɗe bonet na sunkuya ciki na daɗe, ko da yake babu abin da ya lalace a motar.

Kawunki